Gahawa mai sanyi da ƙyallen tata: daga ina lakar take fitowa?

Wata ƙanwata ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Na sayi wani farin ƙyalle shara-shara a kanti, a jikin ledarsa an rubuta cheesecloth, don in riƙa haɗa gahawa mai sanyi a gida saboda zafin nan. Na jiƙa garin gahawa ya kwana, da safe na tace na matse sosai, amma sai ta fito da laka a ƙasan kofi, ga ɗaci. Ƙyallen ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba? Kuma wane amfani zan iya yi da shi a kicin bayan wannan?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun kafin in kai ƙarshen saƙonki na gane inda gizo ke saƙa, domin ke da bakinki kin faɗa: "na matse sosai." Ba laifinki ba ne. Duk wadda ta tashi a gidan da ake dama koko, hannunta ya saba da cewa ƙyallen tata abin murɗewa ne. Ni ma haka na buɗe ido ina ganin gwaggona. Da sassafe za ta ɗaure ƙyalle a bakin bokiti, ta juye ƙullun gero, tana cuɗawa da hannu tana ƙara ruwa, daga ƙarshe ta tattare bakin ƙyallen ta murɗe shi iya ƙarfinta har dusar ta dunƙule, ko ɗigo ba ya fita. A wajen gasara haka ya dace, saboda lallausan garin nan da yake ratsa ƙyalle ya kwanta a gindin bokiti shi ne abincin, shi ake nema. A wajen gahawa kuwa abin a juye yake. Ruwan kaɗai kike so, lallausan garin kuma so kike ya tsaya a baya. Da kika murɗe ƙyallen, tura shi kika yi ta ramukan saƙa zuwa cikin kofinki. Shi ne lakar da kika gani, kuma shi ya ƙara miki ɗaci, don muddin yana cikin ruwan bai daina sakin abin da ke jikinsa ba, kuma a harshe ma ana jin sa kamar ƙura.

To amma ƙyallen ma yana da nasa rabon, don haka bari in fara da shi. Asalinsa na masu yin cuku ne a ƙasashen Turai, shi ya sa aka sa masa sunan. Da shi suke ƙunshe daskararriyar madara ruwanta ya tsiyaye, kuma a Ingila har yau akwai masu naɗe cukun Cheddar da ƙyalle su ajiye shi watanni ya nuna. Zallar auduga ce aka saƙa sako-sako. Abin da mai kanti ba zai gaya miki ba shi ne ƙyallen hawa-hawa ne, kuma lamba ake sa masa: 10, 40, 50, 60, har zuwa 90. Lambar tana nuna cikar saƙa. Mai lamba 10 zarensa kamar 20 ne a tsaye da 12 a kwance cikin inci ɗaya, wato kusan raga ce. Mai lamba 90 kuwa zare 44 ne da 36 a inci ɗaya. Yawancin wanda ake sayarwa da araha a ƙaramar leda daga na ƙasa-ƙasan nan yake. Ki ɗaga naki ki duba ta wajen hasken taga. In kina hango ramukan ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin matso da ido ba, to falle ɗaya ba zai tare garin gahawa ba ko da ba ki matse ba. Sai kin ninka shi huɗu, wani ma shida. Mai lamba 90 ninki biyu ya ishe shi. In za ki ninka, ki karkata kowane falle kaɗan a kan na ƙasansa, kada ramukan su hau kan juna.

Gaskiyar magana, ni ban cika sayen na kanti ba. Yadin akoko ko farin alawayyo mara kauri da za ki samu a wajen masu yadi ya fi shi aiki a tatar gahawa, ya fi shi daɗewa, kuma ba ya zubar da zare a cikin abin sha. Rabin yadi zai ba ki mataci uku ko huɗu, ki kai wa tela ya bi bakinsu da ɗinki. Sharaɗin kawai ya zama auduga ce tsantsa. Ga yadda za ki gane: ki zare zare biyu ko uku daga gefe ki kusanta su da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. In akwai roba a ciki, zaren zai nannaɗe ya narke, ya bar wani ƙwallo baƙi mai tauri, ga warin leda. Irin wannan kada ki zuba masa tafasasshen ruwa. Kada kuma ki yi tata da tsohon mayafi ko guntun atamfa mai rini. Sai babbar roƙona gare ki da duk mai karanta wannan: gidan sauro ba mataci ba ne. Na sha ganin an yanki gefensa ana tace kunu da shi saboda ramukansa sun yi daidai. Waɗanda ake rabawa a asibitoci da unguwanni akwai maganin kashe sauro a jikin zarensu, an kuma yi shi ne don ya jure wanki. Wanke shi sau biyu ko uku ba ya raba shi da maganin.

Kada ki ɗauka tace gahawa da ƙyalle dabarar marasa hali ce. Ƙyalle ya girmi takardar tata da nisa. Ita takardar sai a 1908 wata mata a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro ta, bayan lakar ƙasan kofi ta ishe ta kamar yadda ta ishe ki. A Kosta Rika har gobe da wata 'yar jakar auduga da ake ratayewa a jikin katako suke tace tasu. A Japan akwai shagunan da suke alfahari da cewa da ƙyalle suke tata, don sun ce ya fi fitar da gahawa mai jiki. 'Yan'uwanmu da ke Sudan kuwa sun san yadda ake cusa zaren dabino a bakin butar jabana ya tare gari. Kowa da abin da ya samu a kusa.

Yanzu garin. Ba ki gaya mini wane iri kika jiƙa ba, amma lakar ta sa ina zargin mai laushi ne. Akwai garin da ake niƙawa liƙis kamar fulawa don dafawa irin ta Turkawa da wasu Larabawa. Wannan ba na jiƙo ba ne, babu ƙyallen da zai tare shi, sai dai ya toshe ramukan ruwan ya ƙi sauka, ke kuma ki gaji ki kai hannu ki matse. Gahawar jiƙo ɓarzajjen gari take so, kamar tsakin da ake dambu da shi. In 'ya'yan gahawa gasassu kika samu, ki ɓarza da kanki a ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya, kina kunnawa kina kashewa, kina girgizawa, kada ki bar shi ya yi ta gudu. Ƙaramin turmi mai tsabta ma ya yi. Bayan nan ki zuba a rariyar tankaɗe mai laushi ki kaɗa. Abin da ya faɗo ƙasa ki ajiye don dafawa da citta wata rana, wanda ya tsaya a sama shi za ki jiƙa. Wannan tankaɗen na minti ɗaya ya fi ninka ƙyalle sau goma amfani. Injin niƙa na unguwa kuwa ki manta da shi, domin gahawa tana kwasar warin duk abin da ta taɓa, kuma ba ki san ko barkono ko daddawa aka niƙa kafin ke ba.

Irin gahawar ma yana da tasiri a kan ɗaci. Manyan iri biyu ne a kasuwar duniya. Arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha ne, ta fi ƙamshi da sauƙin ɗaci, kuma ƙasa mai tudu da sanyi take so, shi ya sa a wajenmu sai irin tsaunin Mambila a Taraba da yammacin Kamaru ake samun ta. Robusta ta fi jure zafi, ta fi araha, ta fi ɗaci, kuma ita ta fi yawa a gahawar gwangwani mai narkewa. In kina da zaɓi, ki ɗauki arabika mai matsakaicin gashi, launin ƙasa-ƙasa. Wadda aka gasa ta yi baƙi ƙirin tana ƙyallin mai tana zuwa da ƙauri. Wadda alhazai ke kawowa daga Saudiyya kuma gashinta sama-sama ne, jiƙonta zai fito fayau kamar shayi, ba abin da kike nema ba ke nan.

Ga yadda nake yi. Garin gahawa giram 60, in ba ki da sikeli cokalin cin abinci 11 zuwa 12 ne, a cike amma ba tozo ba. Ruwa rabin lita, wato ledar fiyawata guda. Ki zuba garin a kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfi, ki zuba ruwan a hankali, ki juya da cokali har ko'ina ya jiƙe. Garin zai taso sama ya yi kamar ɓawo. Bayan minti 10 ki sake juyawa sau ɗaya, ki rufe, ki sa a firji. Daga nan kada ki ƙara taɓa ta, kada ki girgiza. Awa 14 zuwa 18 ya isa. In kin jiƙa bayan la'asar, da hantsi ta yi. Wuce awa 24 ba ya ƙara mata komai sai ɗanɗanon itace.

Wajen tata ne nake so ki natsu. Ki jiƙa ƙyallen da ruwa mai tsabta tukuna ki matse shi, don busasshen ƙyalle yana shanye gahawa kuma ba ya kwanciya. Ki shimfiɗa shi cikin rariyar ƙarfe, rariyar kuma a bakin jug ko kwano mai zurfi. Ki ɗauko kwalbar a hankali. In kin duba ta gilashin za ki ga garin ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya yi garau, ja-ja mai duhu kamar zobon da bai ji ruwa ba. Ki karkata ta sannu, ruwan saman ya fara wucewa. Zai sauka da sauri. Sai can ƙarshe garin zai biyo, a nan ne saukar za ta koma ɗis, ɗis, kuma a nan ne hannu yake ƙaiƙayi. Ki bar shi. Ki tafi ki yi wani aikin na minti 10 ko 15. Da kin dawo ki ɗauke rariyar da abin da ke cikinta. Garin gahawa yana riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinsa, saboda haka daga rabin litar nan abin da zai zo hannunki bai kai mililita 400 ba. Wanda ya rage a cikin garin ki yafe shi, shi ne mai lakar. In kina son ta fi haka tsabta, ki bar tatacciyar ta zauna awa ɗaya a firji, ki tsiyaye zuwa wata kwalbar, ki bar ɗan na ƙasan.

Akwai masu ƙulle garin a cikin ƙyallen tun farko su jefa ƙullin a ruwa, kamar ƙullin kayan ƙamshi a tukunya. Yana yi, kuma ya fi sauƙin wanki. Sai dai ki yi ƙullin sako-sako, gari ya samu wurin kumbura, in ba haka ba za ki kwance ki tarar da tsakiyarsa a bushe. Da kin ciro shi ki rataye ya tsiyaye da kansa.

Abin da kika samu ɗin nan mai ƙarfi ne, ba a shan sa haka. Kashi ɗaya nasa, kashi ɗaya ruwa ko madara, sannan ƙanƙara. Dalilin da ya sa jiƙon sanyi yake da laushi a baki shi ne ruwan sanyi ba ya ciro wasu abubuwa masu ɗaci da tsami da yawa kamar yadda ruwan zafi yake yi, shi ya sa kuma yake buƙatar dogon lokaci da gari mai yawa.

Sai maganar da littattafan girkin waje ba sa yi, wato zafinmu da wutarmu. Za ki ga an rubuta a bar jiƙon a kan tebur ya kwana. Masu rubuta haka ɗakinsu bai wuce digiri 20 zuwa 22 ba. Mu kuwa a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, rana tana haura digiri 40, kicin kuma ya fi waje zafi. Ruwan da ba a tafasa ba, da gari a ciki, awa 18 a wannan yanayi, gayyatar tsami da ƙwayoyin cuta ne, domin gahawa ba ta da tsamin da zai kare ta kamar yadda mutane suke zato. In firjinki yana samun wuta ko da rabin yini ne kuma ba a yawan buɗe shi, to ya isa. In babu, ki sa kwalbar a kula da ƙanƙarar leda biyu a gefenta, a rufe. Randa da tukunyar nan mai hawa biyu da yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, suna sanyaya abu ƙwarai a lokacin rani, amma ba sa kaiwa sanyin firji, wanda yake wajen digiri 4. In da su za ki dogara, ki yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce, ki rage jiƙon zuwa awa 8 ko 10, ki kuma shanye a ranar. Wadda take cikin firji mai tsayayyiyar wuta ni ba na barin ta ta wuce kwana 4 ko 5. Wadda aka riga aka zuba wa madara kuwa ta yini ɗaya ce.

Saboda wannan matsala ta wuta, hanyar da na fi koya wa mutanenmu ita ce ta biyu, wadda aka fi sanin Japanawa da ita: a tace da ruwan zafi kai tsaye a kan ƙanƙara. Minti 5 an gama, ba jira, ba fargabar tsami, kuma ƙamshinta ya fi na jiƙo tashi. Ki zuba ƙanƙara giram 200 a jug, kamar cikin babban kofi ɗaya. Ki ɗora rariya da jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Gari giram 30, cokali 6 ke nan, wannan karon ya ɗan fi tsaki laushi, kamar sukari mai manyan ƙwayoyi. Ki tafasa ruwa mililita 300, ki sauke ya huta kamar minti ɗaya, don gahawa ta fi son ruwa tsakanin digiri 90 da 96. Ki fara zuba kaɗan, iya wanda zai jiƙa garin. In gahawar sabuwar gashi ce za ki ga ta kumbura tana kumfa, iskar da ta maƙale a ciki tun wajen gashi ce take fita. Ki jira daƙiƙa 30 zuwa 40, sannan ki ci gaba da zubawa siriri, kina zagayawa daga tsakiya, sau uku ko huɗu, cikin kamar minti 3. Gahawar tana ɗiga a kan ƙanƙara tana hucewa nan take. Sirrin shi ne an rage ruwan zafi da gangan, ƙanƙarar da ta narke ita ta cike gurbin. Mai dafa gahawa yadda ya saba sannan ya jefa ƙanƙara, salam za ta fito masa. Mai barin ta a fili ta huce da kanta kuma, ƙamshin ya gudu kafin ta yi sanyi, sai tsami-tsami da ɗaci su rage.

In kuma abin da ke gidanki gahawar gwangwani ce mai narkewa, irin Nescafé ta masu shayi, ita ba ruwanta da ƙyalle ko jiƙo, domin an riga an dafa ta a masana'anta an busar. Ki zuba ƙaramin cokali 2 da sukari da ruwan sanyi cokali 3 ko 4 a kwalba, ki rufe ki girgiza da ƙarfi har ta koma kumfa, ki juye a kan ƙanƙara ki ƙara ruwa da madara. Haka mutanen Girka suke shan ta tun 1957, lokacin da aka fara haɗa ta a wajen baje koli a birnin Tasalonika, kuma ba su raina ta ba.

Sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya kwanta a ƙasa ki yi ta juyi. Ki dafa kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa har ya narke, ki jefa yankan ɗanyar citta da kanumfari 3 ko 4 da guntun kirfa, ya ɗan tafasa minti 5, ki tace da ƙyallenki ki zuba a kwalba. Wannan ruwan sukarin shi za ki riƙa ɗigawa. Madarar gari ki dama ta da ɗan ruwan ɗumi tukuna, kada ta yi gudaji. Mutanen Biyetnam da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi suke haɗa tasu, ita kaɗai ta tsaya a matsayin madara da sukari, kuma tana danne ɗacin robusta sosai. Ni dai abin da na fi so shi ne kunun aya mai dabino, mara ruwa da yawa, rabi da rabi da gahawar jiƙo. Garɗin aya da gahawa suna tafiya tare kamar don juna aka yi su. Ki gwada sau ɗaya, amma ki haɗa iya wanda za a sha a take, kin san kunun aya ba ya jimiri.

Ƙanƙara kuma ki san ruwan da aka yi ta da shi. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ajiye su kawai take yi. Ta leda da ake saye a unguwa ki bar ta a ledarta don sanyaya kula. Wadda za ta shiga kofi ki yi da ruwan da kike sha. In gahawa ta rage, ki zuba ta a farantin ƙanƙara ta daskare, gobe ita za ki jefa a kofi, ba za ta tsinka miki abin sha ba.

Ina so ki kula da wannan sosai, saboda laushin gahawar sanyi yana yaudara. Arabika tana da sinadarin kafeyin kamar kashi 1.2 cikin 100 na nauyinta, robusta kusan ninki biyu. Ke nan giram 60 ɗin nan na arabika yana ɗauke da wajen miligiram 700, kuma mafi yawansa yana fita cikin ruwan. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a yini shi ne iyakar da ba ta da matsala ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Saboda haka kwalbar nan ta mutum huɗu ce, ko ta kwana huɗu ga mutum ɗaya. In kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina fama da hawan jini, bugun zuciya ko gyambon ciki, ki tambayi likitanki kafin ki mai da ita abin kullum. Kafeyin yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wadda ta sha babban kofi bayan buɗa baki kada ta yi mamaki in barci ya ƙi zuwa har sahur. Gahawa kuma tana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, mai ƙarancin jini ta ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninta da cin abinci. Akwai kuma wani mai a jikin gahawa da yake ɗaga kitsen jini ga mai yawan sha. Takardar tata tana tare kusan dukkansa, ƙyalle mai cikar saƙa yana rage shi, rariyar ƙarfe kaɗai kuwa barin sa take ya wuce. Wannan ma wani dalili ne na barin matsa.

Man nan shi ne kuma yake lalata ƙyalle. Sabo ki wanke shi ki tafasa minti 10, sitacin masana'anta ya fita. Duk lokacin da kika gama tata ki zubar da garin nan da nan, ki ɗauraye a ruwa mai yawa tun bai bushe ba. Kada sabulun gari mai ƙamshi ya taɓa shi, auduga tana riƙe turare, gobe a kofinki za ki ji shi. Sau ɗaya a mako ki tafasa shi da ƙaramin cokali na bekin soda, ki ɗauraye, ki shanya a rana ya bushe ƙayau kafin ki ninke. Japanawa a cikin ruwa suke ajiye nasu a firji, amma mu rana ta fi mana tabbas. Zai rine ya koma ruwan ƙasa, wannan ba datti ba ne. Hancinki ne alƙali: ranar da kika ji yana warin tsohon mai ko bayan tafasawa, aikinsa ya ƙare. Kuma na gahawa ya zama na gahawa kaɗai. Na taɓa ganin an tace gahawar baƙi da ƙyallen da aka tace romon kifi da shi jiya, an wanke shi tas a ido, amma kofin farko ya tona asiri, dole aka zubar da jug guda. Ki ɗinka wa kowane mataci zare mai launi daban a kusurwa, kowa a gidan ya san na mene ne.

Sauran amfaninsa a kicin kuwa, da yawa kin riga kin san su da wani sunan. Tatar gasara, kunun aya, kunun zaƙi da madarar waken suya, duk a nan ne za ki saki hannu ki murɗe yadda kika iya. A awara sau biyu yake aiki: wajen raba madara da dusa, da kuma bayan kin zuba ruwan tsami ta dunƙule, ki juye a ƙyalle ki ƙulle ki ɗora dutse ko turmi. Zobo da jiƙon tsamiya ninki biyu yana tare musu yashi. Man shanu in kin soya shi, ki bari ya ɗan huce ki tace, baƙin gutsattsarin ƙasa su tsaya, zai fi daɗewa bai canza ba. Man suyar da kika yi ƙosai da shi ma haka, amma sai ya huce. In za ki yi farfesu ko romo, ki ƙulle kanumfari, masoro da kimba a ɗan guntu ki jefa, ki cire kafin ki zuba wa mutane, ba wanda zai tauna kanumfari.

Wanda nake so ki gwada a makon nan shi ne na kindirmo. Ki samu lita ɗaya mai kyau mara ruwa, ki sa ɗan gishiri, ki juye a ƙyalle ninki biyu cikin rariya, ki ɗora a kan kwano a firji ya kwana. Da safe za ki tarar da ruwa ɗorawa-ɗorawa a kwanon, a ƙyallen kuma wani abu fari mai kauri da cokali zai tsaya a cikinsa. Mutanen Sham da Labanan labna suke kiran sa, suna shafawa a burodi da man zaitun. Ruwan ƙasan kada ki zubar, ki kwaɓa fulawar fanke ko burodi da shi. In ɗanyar madarar shanu kika samu, ki tafasa lita ɗaya, ki sauke, ki zuba ruwan lemon tsami cokali 2 zuwa 3 kina juyawa a hankali har ta tsinke, ki juye a ƙyalle, ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki ƙulle ki danne awa ɗaya. Cuku ne za ki yanka ki soya kamar awara. Shi ma kindirmon, kamar gahawar, ba a matsa masa, in kin matse farin ne zai biyo ta ramukan. Cukun ne kaɗai yake son danni, shi ma sai bayan ruwan farko ya gama tsiyayewa da kansa.